Labarin da Kura Ba Ta Ji Ba

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta.

Wata akuya ce ta haifi tagwaye, Kyalla da ɗan'uwanta Duna. Tun ƙaho bai tsiro wa Duna ba yake tunkuyin Kyalla, ya ture ta daga nono. In ta yi kuka sai uwar ta ce, "Wasan maza ne. Kakansa ma haka ya fara, har ya kori zaki daga rafi." Kowace tunkuya da tatsuniyarta.

Duna ya zama bunsuru, ga gemu ga wari. Ran nan ya karya wa Kyalla ƙafa a kan dusa. Ta ɗingisa ta kai ƙara wurin tsohon Rago, alƙalin garke. Rago ya ce, "'Yar nan, zuciyar jarumai ce. Ke me ya tsayar da ke a hanyarsa?" Haka Kyalla ta koma ta ba wanda ya karya ta haƙuri.

Wata rana a wurin kiwo suka tarar da Kura a kwance. Kyalla ta ɓuya a bayan geza. Duna kuwa ya ja da baya, ya zuba wa Kura ƙaho a haƙarƙari, ya tsaya yana jiran yabo.

Kura ta ce, "Kai kuma fa?"

"Jikan wanda ya kori zaki. Ba ki ji labari ba?"

Kura ta lashe baki. "A gidanku ake ba da wannan. Mu nan yunwa muke ji."

Kyalla ta yi kukansa, ɗan'uwa ne. Amma ranar ta fara cin abinci ba tare da waiwaye ba.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, tawa ta ƙare.