Sarkin Ruwa Jatau da Gidajen Waya Biyu

An ce wai a bakin wani babban tafki, wanda ya samu bayan an datse kogi, an yi wani Sarkin Ruwa mai suna Jatau. Dattijo ne marar yawan magana, wanda ya yi shekara arba'in yana su kafin a naɗa shi. Bai yi boko ba, allonsa ma bai yi nisa ba, amma duk masuntan yankin sun yarda cewa idan magana ta shafi ruwa, a bakinsa take ƙarewa.

A ƙarƙashinsa akwai tunga biyu, Tungar Marke da Tungar Farin Dutse. Kakanninsu ƙauye guda suka zauna, kuma wata tsohuwar rijiya mai bakin dutse ita ce iyakar gonakinsu. Da ruwa ya zo ya shanye ƙauyen, sai aka ci gaba da raba wurin su da wannan rijiya, alhali tana can ƙasa wajen gaba goma sha biyu, ba mai ganinta. Muddin tsofaffin da suka sha ruwanta suna raye, ba a yi gardama ba. Da suka ƙare saura ɗaya, sai kowace tunga ta fara jan rijiyar zuwa inda ya yi mata daɗi. Aka yanke wa wasu komar kamun kifi, aka fasa wa wani kwale-kwale, har samari suka fara fita su da adduna a ƙarƙashin taru.

Akwai wani mutum, Nomau, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya koyi aikin nutso a tashar jiragen ruwa ta kudu. Ya dawo gida da tukunyar iska da ake goyawa a baya, da tabaran ruwa, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Sarki ya sa shi ya nemo rijiyar. Ya shiga sau uku, a na ukun ya same ta. Amma da ya fito ya nuna wurin, sai mutanen Farin Dutse suka ce ba su yarda ba, domin mahaifiyar Nomau 'yar Tungar Marke ce.

Sarki Jatau ya ce, "Ba ku yi laifi ba. Gani ya kori ji. Nomau, wayarka da ake ta yabon hotonta, za ta iya shiga da kai?"

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, sai da gida. Akwai wani gida da ake rufe waya a ciki, ruwa ba ya shiga. Amma ka sani, iskar da ta rage mini ta shiga ɗaya ce, kuma inda ake cika tukunyar tafiyar kwana biyu ce. Ga hadari ya fara haɗuwa. Ruwan farko yana sauka, tafkin nan zai koma kamar kunu, sai kuma bayan kaka."

Kowa a wurin ya san abin da hakan yake nufi. Idan wayar ta mutu a ƙasa, to damina za ta same su da adduna a hannu.

Sarki ya aika birni a nemo masu sayar da irin wannan gida, ranar kasuwa mutum biyu suka amsa kira. Na farko Alhaji Sambo, ɗan kasuwa mai fara'a da zaƙin baki, wanda yake sayar da wayoyi da kayansu. Na biyu Hajiya Tabawa, mace mai shekaru, wadda mijinta ya yi aikin nutso har ya rasu, ita kuma ta ci gaba da riƙe shagon kayan aikinsa.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin marken bakin ruwa, mutanen tunga biyu suka zauna kowa gefensa. Alhaji Sambo ya fara fito da nasa. Abu ne mai kyan gani, garai-garai kamar gilashi, bakinsa ruwan zinariya, marar nauyi, da igiyar ratayawa a wuya. Ya sa aka kawo baho cike da ruwa, ya jefa shi ciki, ya tsamo, ya buɗe ya zagaya da shi, kowa ya taɓa ya ji a bushe.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, na sayar da irinsa ba adadi. Masu wanka a rafi, masu kwale-kwale, har masu bin ruwan sama a kan babur. Ko ɗaya bai dawo mini da kuka ba."

Hajiya Tabawa ta kwance ƙunshinta. Nata baƙi ne, mai kauri, mai nauyi kamar ɗan dutsen niƙa, gefensa ɗaya duk ya goge. Yana da makulli biyu masu tauri, da manyan maɓallai, da wurin ɗaura tocila. Sarki ya tambaye ta ingancinsa.

Ta ce, "An rubuta a jikinsa yana kaiwa mita arba'in. Rijiyarku ba ta kai haka ba. Sauran kuma sai abin da ruwa ya ce."

Sai mutane suka rabu, ba ma bisa tunga ba. Masu yawa suka ce a ɗauki na Alhaji, tun da an ga aikinsa da ido. Wasu suka ce nauyi ba ya zuwa banza. Nomau kansa ya juya wannan ya juya wancan, ya ce shi aikinsa a can ɗaure ƙarfe ne da kwance sarƙa, bai taɓa shiga da waya ba.

Sarki ya murza gemu. Can ya ce, "Ni ban san waya ba, ban kuma iya karanta abin da aka rubuta a jikin kayan nan ba. Amma ga abin da za a yi. Kowannenku ya sa tasa wayar a cikin nasa gidan, a ɗaura igiya da dutse, a saukar da su inda Nomau zai shiga. Yanzu, a gaban jama'a."

Kafin ya rufe baki, Alhaji Sambo ya zaro wayarsa daga aljihu, ya zura ta ciki, ya rufe ƙaf, ya ajiye a gaban Sarki. Ya ce, "Ga ta nan. Wanda ya san kayansa ba ya jin tsoro." Jama'a suka yi masa kabbara.

Hajiya Tabawa ba ta motsa ba.

Sarki ya ce, "Hajiya, ke fa?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba zan sa ba."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce tsohuwar ta tona wa kanta asiri. Wani ya yi dariya ya ce dama kayan gado ta kwaso ta zo ta sayar musu.

Sarki ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce, "Ba ki yarda da kayanki ba ne?"

Ta ce, "Na yarda da shi jiya. Yau kuwa ya yi tafiyar rabin yini a bayan mota, cikin ƙura, an kuma buɗe shi a nan mutum goma sun taɓa. Akwai wani zoben roba a bakin murfin, shi ne duk tsaron. Gashi ɗaya ya kwanta a kansa, ko ƙwayar rairayi, ruwa ya sami ƙofa. A baho ba za ka gani ba, domin ruwan baho ba shi da nauyi. A ƙasa kuwa, ruwa matsa abu yake yi ta ko'ina, Nomau ya sani, kunnuwansa sun gaya masa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa sa abin ɗaukar hoto a gida ba sai gidan ya riga shi zuwa ƙasa babu komai a ciki, ya dawo a bushe. Ni ma ba zan sa tawa ba, kuma ba zan bari a sa ta Nomau ba. In haka ta sa na rasa ciniki, to na rasa."

Sarki Jatau ya dube ta, ya dubi gidan Alhaji da waya a ciki. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki baƙin gidan mai nauyi, ya ajiye a gaban Nomau. Ya ce, "Da wannan za ka shiga."

Nan fa hayaniya ta tashi. Alhaji Sambo ya miƙe tsaye, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ka kafa sharaɗi, ni na cika, ita ta ƙi. Yaya wanda ya ƙi zai ci, wanda ya bi ya faɗi? In dama an riga an zaɓa, da ba a taso ni daga birni ba."

Sarki ya ce, "Zauna, Alhaji, ba a zalunce ka ba. Ni ban ce wanda ya sa wayarsa shi ya ci ba. Cewa na yi ku sa, don in ga abin da kowa zai yi. Shekara arba'in ina ɗaukar mutane a jirgi. Wanda ya zo ya faɗa ciki da tsalle yana cewa shi ba ya tsoron ruwa, a tsakiya nake zaunar da shi, in sa masa ido. Wanda ya tsaya ya duba gindin jirgin, ya tambaye ni ina abin kwarfe ruwa, shi nake miƙa wa filafili. Ba ka yi mana ƙarya ba, ka yarda da kayanka har zuciya. Amma yardarka a baho ta tsaya, mu kuwa gaba goma sha biyu za mu. Ita wannan baiwar Allah ta gwammace a yi mata dariya a gaban tunga biyu, da a ce ta yi wa ruwa gaggawa. Kayan da ya fito daga irin wannan hannu, an riga an yi masa tambayoyin da ni ban san yadda ake yin su ba."

Ya ɗauki gidan Alhaji, ya buɗe, ya zaro wayar ya miƙa masa. Ya ce, "Riƙe abarka. Ba zan bari baƙona ya yi hasara don in nuna na yi daidai ba. A kawo mini sukari mai ƙwaya."

Aka karɓo ƙwaya biyu wajen mai shayi. Aka sa ɗaya a kowane gida, aka rufe, aka ɗaura musu duwatsu. Sarki da kansa ya shiga jirgi, da Nomau, da mutum biyu daga kowace tunga. Suka saukar da igiyoyin har suka ji dutse ya taɓa ƙasa, suka jira gwargwadon abin da mai nutso yake daɗewa, sannan suka jawo.

A gaban jama'a aka buɗe. Gidan Alhaji ya fito lafiya a ido, ko tsaga babu, amma da aka karkata shi sai ruwa ya zubo, sukari kuwa babu labarinsa. Alhaji ya dubi wayar da ke hannunsa, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "Innalillahi. Da yanzu ta tafi."

Aka buɗe na Hajiya. Ƙwayar sukari tana nan, amma kusurwarta ɗaya ta jiƙe ta fara narkewa.

Wani daga cikin jama'a ya ce, "To ai duka biyun sun sha ruwa!"

Hajiya Tabawa ta karɓi kayanta. Ta nemi ruwa ta wanke hannu, ta koma inuwa inda iska ba ta kaɗawa, ta ciro zoben robar a hankali ta ɗaga shi ga haske. Ga wani siririn zare na buhu, bai kai tsawon farce ba, kwance a kansa. Ta nuna wa Sarki, ta nuna wa Nomau. Ta goge zoben, ta shafa masa ɗan mansa, ta mayar, ta sa sabuwar ƙwaya. Aka sake saukarwa. Da aka jawo, Sarki ya ɗauki sukarin ya murƙushe shi tsakanin yatsunsa, ya zube gari, busasshe ƙamas.

Sai a lokacin ta ce wa Nomau, "Yanzu kawo wayar."

Bayan azahar Nomau ya shiga. Ya fara ɗaukar hoton bidiyo tun daga saman ruwa, inda aka ga fuskokin shaidun tunga biyu a cikin jirgi, ya bi igiya har ƙasa bai yanke ba. Da ya fito, aka kai wayar wurin Baba Kwasau na Farin Dutse, tsohon nan guda da ya rage cikin waɗanda suka sha ruwan rijiyar. Aka riƙe masa ita kusa da ido. Hasken tocila ya bi ta kan laka, ya faɗa kan da'irar duwatsu, ya tsaya a kan wani dutse da igiyar guga ta ci har ya yi kwari uku.

Tsohon ya sa yatsa a kan gilashin. Ya ce, "Ita ce. Kwarin tsakiyar nan, nan uwata take jan guganta." Sannan ya juya ga samarin tungarsa ya ce, "Ku mayar da addunan nan gona."

Rijiyar ba ta faɗo inda Marke suke cewa ba, ba kuma inda Farin Dutse suke cewa ba, tana tsakani, ta ɗan fi kusa da Farin Dutse. Aka ɗaura gora a saman igiyar ta zama alama, kowa ya san gefensa. Kwana uku bayan haka ruwan farko ya sauka.

Alhaji Sambo bai tafi da fushi ba. Kafin ya hau mota ya je ya durƙusa gefen tabarmar Hajiya Tabawa, ya roƙe ta ta nuna masa yadda ake duba zoben nan, ta kuwa nuna masa. An ce tun daga ranar, duk wanda ya zo shagonsa neman gidan waya, sai ya fara tambayarsa zurfin ruwan da zai shiga.

Shi ya sa masu hankali suka ce, idan za ka damƙa abin da kake ji da shi a hannun wani, kada saurin rantsuwarsa ya ruɗe ka. Wanda ya ce maka "tsaya in duba" ya fi tsare maka amana a kan wanda ya ce maka "kada ka damu."