Ashanar da Aka Bayar Gyara

Akwai wani mutum mai suna Luan Baoshan a wani ƙauye cikin dajin Mohe, can ƙuryar arewacin ƙasar Sin. Tun da aka hana saran itace ya koma ɗan buga-buga. Duk abin da zai sayu, to shi ne sana'arsa.

A bakin kogi, tafiyar rabin yini daga ƙauyen, akwai wani tsohon ɗaki na gumagumai da ubansu ya gina tare da abokan aikinsa. Shekara talatin ba mai zama a ciki. Amma ba a kulle shi, kuma duk wanda ya ratsa sai ya bar busasshen itace a murhu, ya duba gwangwanin ashana da ke rataye bayan ƙofa. A sanyin nan, wanda ya jiƙe bai samu wuta cikin awa guda ba, gawarsa za a ɗauko.

Fugui, wan Baoshan, shi ne ke kula da ɗakin, don a kusa da nan yake huda ƙanƙara yana kamun kifi.

Wata rana suna cin abinci, Baoshan ya kawo zancen cewa masu masaukin baƙi a gari suna neman tsohon katako ido rufe.

"Yaya, ɗakin nan fa ko ɓera ya yi ƙaura daga cikinsa. Ba na kowa ba ne."

Fugui bai ko ɗago daga kwanonsa ba. "Shi ya sa yake na kowa. Ci abincinka."

Maganar ta bi ta bayan kunnen Baoshan. Da kaka ta yi, Fugui ya tafi birnin Harbin ganin 'yarsa da ta haihu, sai Baoshan ya ɗauki babbar mota da wasu baƙin lebura, suka kwance ɗakin gungume bayan gungume. Har gwangwanin ya cire ya jefa a mota. Ya ce a ransa zai faɗa wa Yaya a bikin sabuwar shekara, in an ci an sha rai ya yi sanyi. Kunya ce ko tsoro, oho, bai dai faɗa wa kowa ba.

Dusar ƙanƙara ta sauka ta rufe wurin ruf. Fugui ya dawo, washegari da sassafe ya ɗauki kayan kamun kifinsa ya nufi kogi. Bai dawo ba.

Da gari ya sake wayewa mutane suka bi sawunsa, Baoshan yana cikinsu. Sun ga inda ƙanƙara ta ɓurma da shi ya faɗa ruwa. Daga nan titin motoci tafiyar awa guda ce, ɗakin kuwa minti ashirin. Ko wane ne, ɗakin zai nufa.

Sawun ya miƙe sak har daidai inda ƙofar ɗakin take a da, sai ya tsaya. Ya fita ya zaga ta arewa ya dawo. Ya sake fita ta kudu ya dawo. Sau uku. Mutumin da ya shekara arba'in a dajin nan ya zaci shi ne ya ɓata hanya.

Zaune suka same shi a kan duwatsun murhu, ya sandare. Ya share dusar da hannu, ya tara ɓawon itace a gabansa, ga ashanar aljihunsa a jiƙe, ya ƙyasta ta har ta ƙare.

Baoshan bai yi kuka ba. Ya sunkuya ya gyara wa wansa hula. Wani ya tambaya ina ɗakin ya shiga, Baoshan ya ce shi ya sayar, da muryar mai faɗin ƙarfe nawa.

Bayan an yi jana'iza ya je wurin Guizhi, matar Fugui. Ya so ta zage shi, ko ta mare shi ya ji wani abu. Ba ta yi ba. Ta zuba masa ruwan zafi, ta koma ta ci gaba da murza ƙullinta. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba:

"Ƙanena, ashanar bayan ƙofa fa? Ita ma saya suka yi?"

Baoshan ya ajiye kofin ruwan.

"A'a. Gyara na yi musu da ita."

Darasi: Abin da ka ga kamar ba shi da mai shi, wataƙila na wanda bai iso ba ne tukuna, kuma ba ka san ko jininka ne ba. Kada ka rushe abin da magabata suka bar wa mai wucewa. In kuwa ka riga ka yi ɓarna, faɗe ta yau, kunya ba ta kai rai ba. Ku tura wa 'yan uwa, ko wani zai fasa.