Kabad Mai Zabi da Ƙunshin Liyatu

A wani ƙauye da ke gindin dutse an yi wani magidanci, manomi, yana zaune da matarsa. 'Ya'yansu duk sun girma sun kama gabansu, gidan ya yi musu faɗi.

Ana nan sai ƙanen mutumin nan ya rasu, matarsa ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Suka bar 'yar yarinya guda, sunanta Liyatu. Dangi ba su ƙi ta ba, amma ba wanda ya riƙe ta riƙon gaske. Ta yi damina a gidan wannan, ta yi kaka a gidan wancan. Duk inda aka kai ta sai a ce, "Ta zauna tukuna, kafin a ga yadda za a yi." Kafin a ga yadda za a yi kuwa, wani ya zo ya tafi da ita.

Da magidancin ya ga haka, abin ya dame shi. Ya tashi ya je ya ɗauko ta, ya kawo ta gidansa. Matarsa ta share mata ɗaki, ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma a kan gado.

Liyatu ta zo da ƙunshi, tsohon zane ne aka ɗaure bakinsa. A ciki akwai 'yan rigunanta, da takalmin roba, da 'yar tsana ta kara, da ɗankwalin mahaifiyarta. Yarinya ce mai ladabi, tana gaisuwa, tana shara, ba ta ƙin aike. Amma ba ta yawan magana, ƙunshin nan kuwa ba ta kwance shi. In za ta sake riga sai ta zaro, ta mayar da ta jikinta, ta ƙulle nan take. Da shi take matashin kai. In an ji sallama a ƙofar gida, sai ta jawo shi kusa da ƙafarta.

Wata rana matar ta ce wa mijinta, "Maigida, yarinyar nan fa ba ta sauka ba. Jikinta ne kawai a gidan nan. Ko za ka sayo mata akwati ta zuba kayanta?"

Mutumin ya ce, "Akwati na matafiyi ne. Ina so in ba ta abin da ba a ɗauka a ka."

To, a ɗakin baƙi na gidan akwai wani tsohon kabad da ya gada wurin mahaifinsa. Da katakon maɗaci aka yi shi, shi ya sa gara ba ta taɓa shi ba, nauyinsa kuwa sai ƙarti sun taru suke ɗaga shi. Ya tsufa, ya yi baƙi ƙirin, ƙafa ɗaya ta karye an tokare da dutse, marfi ɗaya yana reto. Duk da haka shi ne darajar ɗakin. A ciki ake ajiye kwanukan baƙi, dattawa kuwa in sun shigo sai sun shafa shi sun tuna da mai shi.

Da ya faɗa wa matarsa abin da yake nufi, ta riƙe baki. "Kabad ɗin Baba?"

Ya ce, "Jikarsa ce."

Ya kira maƙwabta suka fitar da kabad ɗin zuwa inuwar mangwaro. Ya kankare tsohon dauɗa da wuƙa, ya goge da sanfefa, takardar goge katako, har jan katakon ya fito. Ya sassaƙa sabuwar ƙafa, ya buga wa marfin ƙusoshi. Mariƙin durowa ya ɓace tun da daɗewa, sai ya huda ƙwallon goriba ya sa a madadinsa. Ran kasuwa ya sayo fenti, shuɗi da rawaya da fari da ɗan baƙi.

Da maƙwabta suka ga ya tsoma buroshi cikin shuɗin fenti, suka girgiza kai. Wani ya ce, "Haba! Irin wannan katako ba a samunsa yanzu. Za ka mai da shi kayan wasan yara?"

Ya ce, "Abin da zan yi ke nan." Ya ci gaba da aikinsa.

Ya shafe jikin da shuɗi, durowa da rawaya. Sa'an nan ya ce zai zana zabi a kan marafan, gama ya lura Liyatu tana son tsayawa kallon zabin gidan. Amma mutumin nan manomi ne, hannunsa ya saba da fartanya. Zabin da ya zana suka fito kamar tuluna masu ƙafafu.

Liyatu tana zaune gefe da ƙunshinta a cinya. Ta duba, ta sake dubawa, sai dariya ta kuɓuce mata. Tun zuwanta ba wanda ya taɓa jin dariyarta. Matar ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu.

Yarinyar ta ce, "Baba, ba haka zabo yake ba. Ai babu ɗigo-ɗigo."

Ya ce, "Ashe! To, ni yatsuna sun yi kauri. Wa zai taimake ni?" Ya miƙa mata gwangwanin farin fenti.

Ta dubi fentin, ta dubi ƙunshin. Ta ajiye shi a ƙasa, ta taka bakinsa da ƙafa ɗaya, ta tsoma ɗan yatsa. Ɗigo bayan ɗigo ta yi ta sawa, harshenta a waje don natsuwa, har tulunan nan suka zama zabi, wanda duk ya gani ya san zabi ne.

Da fenti ya bushe, aka shigar da kabad ɗin ɗakinta. Mutumin ya ce mata, "'Yata, wannan naki ne. Ba aro ba ne."

Ta ce, "Na gode, Baba." Ta buɗe marafan, ta rufe. Ta ja durowa, ta mayar. Kowace safiya tana goge shi da tsumma. Amma ba ta sa kome a ciki ba, ƙunshi yana nan a ɗaure.

Matar ta ce, "Bari in kwance mata in jera."

Ya ce, "A'a, ƙyale ta. In mu muka kwance, gobe za ta sake ɗaurewa."

Haka aka yi ta tafiya, har wata ranar Asabar yayar mutumin ta zo daga gari. Liyatu ta taɓa zama a wurinta. Bayan an gaisa an sha ruwa, ta ce, "Surukata ta haihu, aiki ya yi mana yawa. Na zo in tafi da yarinyar nan ta taya mu, kafin a ga yadda za a yi." Ta ɗaga murya. "Liyatu! Ɗauko ƙunshinki."

Yarinyar ta tashi ba musu, kamar yadda ta saba. Ta dubi magidancin sau ɗaya, ta shiga ɗaki.

Mutumin nan bai taɓa yi wa yayarsa gardama ba, gama ita ta goye shi yana jariri. Amma ran nan ya miƙe tsaye ya yi magana, bai kuwa sassauta murya ba. "Yaya, ki gafarce ni. In hannu kike nema, zan nemo miki. Amma Liyatu ba baƙuwa ba ce da za a ce ta ɗauko ƙunshi. 'Yar gidan nan ce. Nan za ta girma, daga nan za ta je makaranta, daga nan za a kai ta gidan miji in Allah ya kai mu. Ba sauran wani yadda za a yi. An riga an yi."

Ran yayar ya ɓaci. Ta shiga ɗakin baƙi don ta ɗauki jakarta, sai ta ga wurin da kabad yake wayam. Ta ce, "Ina kabad ɗin Baba?"

Ya ce, "Zo ki gani."

Suka tsaya a ƙofar ɗakin Liyatu. Ga kabad shuɗi, zabi suna yawo a jikinsa, marafansa a buɗe. Ga yarinyar a durƙushe, ta kwance ƙunshi. Ta jera rigunan a hawa na sama, takalmin a ƙasa, ta zaunar da 'yar tsanar a kusurwa. Ɗankwalin mahaifiyarta ta sa a durowa mai rawaya. Tana cikin ninke tsohon zanen ke nan ta ga mutane.

Yayar ta buɗe baki za ta yi faɗa a kan fentin, amma yarinyar ta riga ta. Ta miƙe, ta kama hannunta, ta ja ta ciki.

"Gwaggo, kin ga kabad ɗina? Nan ɗakin riguna ne. Nan gidan takalma. Wannan mariƙin goriba ce, Baba ya huda. Zabin nan shi ya zana, amma bai iya ba, ni na yi musu ɗigo. Duk da yatsana! Wannan uwar ce, waɗannan 'ya'yanta."

Yayar ta tsaya tana kallonta. Yarinyar nan ta yi watanni a gidanta, ba ta taɓa jin ta haɗa magana mai tsawo haka ba. Ta shafa katakon, ta shafa kan yarinyar, ta share ido da bakin mayafi. Sa'an nan ta buɗe jaka ta fito da sabulu mai ƙanshi da ta sayo don mai jego. Ta ce, "Wannan fa, ina gidansa?"

Liyatu ta karɓa da hannu biyu, ta nemo masa wuri.

Magidancin yana tsaye a bakin ƙofa, matarsa ta ce ran nan sai da ta ga kamar ya ƙara tsawo. Yayar ta koma gari ita kaɗai. Kafin ta tafi ta ce wa ƙanenta, "Da Baba yana da rai, da shi zai riƙe maka gwangwanin fenti."

Yanzu, yarana, ku kasa kunne ku ji ma'anar misalin nan.

Magidancin nan yana nuna mana Ubanmu na sama, Liyatu kuwa ni ce da ku. Da yawa cikinmu muna zaune a gidan Allah kamar baƙi. Muna zuwa sujada, muna raira waƙa, muna ladabi, amma zuciyarmu tana nan a ƙulle kamar ƙunshin nan. Muna tsoron cewa in mun yi laifi ɗaya za a ce mu tattara mu tafi. Wataƙila an taɓa yi mana haka a wani wuri, shi ya sa.

Amma ku dubi abin da Uban ya yi. Bai ba mu abin da ya rage masa ba. Abin da ya fi daraja a gidansa ya fitar, wato Ɗansa, Yesu Almasihu, ya bar shi ya sauko har inda ƙaramin yaro zai iya miƙa hannu ya taɓa. Masu kallo suka ce asara ce. Shi kuwa bai ji kunyar abin da ya yi dominmu ba, fahariya yake yi da shi. Bai kuma fizge ƙunshinmu da ƙarfi ba. Yana jira, yana kuma faɗa da babbar murya, don mu ji daga cikin ɗaki, cewa mu 'ya'yan gida ne. Wanda ya gaskata wannan magana, shi ne yake kwance zuciyarsa, ya kawo tsoronsa da baƙin cikinsa da 'yan abubuwan da yake ƙauna, ya ajiye a wurin Ubansa.

Saura abu ɗaya, wannan kuwa aikinku ne. A ajin nan akwai yaron da yake zama a bencin baya, kusa da ƙofa, ba ya magana da kowa. A unguwarku ma akwai irinsa. Ba ku da katakon maɗaci, na sani. Amma kuna da benci. Lahadi mai zuwa, kafin a fara waƙa, ka matsa gefe, ka kira shi da sunansa, ka ce masa, "Zo nan, ga wurinka."