Bushiya da Biri Mai Tsaron Gona Uku

Wata rana, gero ya fara nuna, sai tsuntsayen jan-baki suka dira a garin dabbobi. Bushiya tana da 'yar gona guda, kuma geron nan shi ne abincin 'ya'yanta har baɗi. Maƙwabcinta Biri kuwa, sarkin cika baki, don kwaɗayin lada ya karɓi tsaron gonar Kura da ta Gwanki, ga kuma tasa.

Ranar farko Bushiya ta ɗora girki a bakin gona, tana lallashin yara, tana jan igiyar gwangwanayen korar tsuntsu. Ta zuba gishiri sau biyu a miya, tsuntsaye kuma suka cinye mata kunya guda.

"Malam Biri, kaina ya ɗau zafi," in ji ta.

Biri ya kwashe da dariya. "A gona ɗaya tal? Ni uku nake riƙe, ko a jikina. Ke dai raguwa ce!"

"Kira ni abin da ka ga dama. Na ji nauyi, kuma sai na rage."

Washegari ta kai yara wurin yayarta, ta bar girkin rana, ta dama fura tun da safe. Aikinta ya koma ɗaya: ido a sama, hannu a igiya.

Da hantsi tsuntsaye suka taso, har sama ta yi duhu. Biri ya ruga gonar Kura, sai ya tuna majajjawarsa tana ta Gwanki. Ya juya, ya hango ana cin tasa. Gogan naku ya tsaya a tsakiya yana zagaye, yana ihu wai komai na hannunsa.

Bushiya kuwa hankali kwance take girgiza igiya. Duk garken da ya nufo ta sai ya watse.

Da la'asar Kura ta iso, ta tarar da kara tsaye ba ƙwaya.

"Biri, ina gerona?"

Kafin ta rufe baki ya haye tsamiya. Tsoron Kura ya hana shi sauka har lokacin girbi. Daga can, ciki na kuka, ya kalli Bushiya tana cika rumbu, 'ya'yanta na tsalle suna murna. Ranar har rawa Bushiya ta taka.

Darasin wannan labari shi ne, in ka ji aiki ya yi wa kanka yawa, kada ka ji kunyar faɗa, ka rage shi. Wanda ya ce bai ji nauyi ba alhali ya ji, aikinsa ne zai tona masa asiri.