Muryar Inna a Faifai Uku

Akwai wani mai gyaran rediyo da ake wa laƙabi da Zamani, don duk abin da ya kwana biyu a duniya, a wurinsa shara ne.

Shi ne auta a gidansu. Lokacin da ya tafi wani gari mai nisa koyon sana'a, mahaifiyarsu Inna ba ta iya rubutu ba, sai ta riƙa aika masa saƙo a kaset. Yayarsa ce ke danna mata rikoda, ita kuma ta yi ta zuba: nasiha, faɗa, gulmar maƙwabta, da dariyar nan tata mai ƙarewa da tari. Wani lokacin ka ji Baba daga ɗaki yana cewa, "Ki bar yaron nan ya sha iska mana!"

Kaset ashirin da uku.

Bayan rasuwar Inna, Zamani ya juye su duka a faifan CD guda uku, irin na arahar nan da ake sayarwa a jibge.

Yaya ta ce, "Auta, ba ni kaset ɗin in adana."

Ya yi dariya. "Yaya ke nan! Sai ki haɗa da fitilar ƙwai. Faifan nan shekara ɗari zai yi, shi zai binne mu."

"To, ka yi mini nawa."

"Don yaranki su yi madubi da shi? Ranar da kike marmarin ji, ki zo shago."

Kaset ɗin kuwa da su ya riƙa gwada rikodar mutane, yana ɗora wasu muryoyi a kan ta uwarsa, har suka ƙare.

Faifan ya liƙa musu takarda da gam a baya, ya rubuta "INNA", ya jefa su a durowar shagonsa. Shagon na kwano ne, da rana ko ƙwai ka ajiye sai ya dahu. Lokaci-lokaci yakan fito da su ya goge gefen da ke ƙyalli da bakin rigarsa, ya mayar. Shekara goma sha ɗaya yana goge su, bai taɓa kunna ko ɗaya ba. Wai shi mai wayo.

Sai Baba ya kwanta ciwo, idonsa ya tafi. Wata safiya ya laluba hannun Zamani ya ce, "Auta, fuskar uwarku tana nan, amma muryar ta fara ɓace mini. Kawo min in ji ta."

"Yanzun nan, Baba."

A shago ya sa faifai na farko. Na'ura ta yi ta juyi, shiru. Ya ɗaga shi sama, sai ya ga haske na ratsa shi ta wasu ƙananan huji kamar rariya.

Na biyu takardarsa ta kumbura da zafi. Ya ce bari ya ɓare ta don kada ta maƙale. Ya ja, sai ga fatar azurfar da ke bayan faifan ta biyo takardar. Ya tsaya yana hango tafin hannunsa ta cikin faifan.

Na ukun da gudu ya kai wa wata mai gyaran kwamfuta. Ta juya shi, ta girgiza kai.

"Malam, wa ya sa wa wannan gam? Ai sautin a ƙarƙashin wannan fatar ta baya yake kwance. Kana ta goge gaba, baya na ruɓewa. Ina kwafinsa?"

"Babu."

"Na asalin fa?"

Ya sunkuyar da kai.

Kwana biyu tana fama. Abin da ta iya cetowa bai kai numfashi uku ba, ta sa masa a waya.

Ya durƙusa gaban gadon Baba, Yaya na zaune a gefe. Ya danna. Aka ji tarin Inna, sannan ta ce, "Ke, ya fara ɗauka? To. Auta, ka saurara da kyau..."

Shiru.

Baba ya yi murmushi, ya gyara kunne. "Ƙaro mana. Yanzu za ta fara."

"Iyakarsa ke nan, Baba."

"Haba dai. Uwarku ba ta taɓa gajarta magana haka ba."

Yaya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Kwana tara Baba yana cewa a sake kunnawa, kullum yana jiran sauran maganar. A kan jiran ya cika.

Zamani yana nan a shagonsa. Yakan kunna ya ji an ce ya saurara da kyau. Ya yi ta lalube a kansa ko zai tuna abin da ta faɗa bayan nan. Bai tuna ba, don tun a wancan lokacin ma bai saurara ba.

Darasi: Abin da ba shi da na biyu, kada ka damƙa shi a hannun abu ɗaya, balle a hannun girman kanka. Ku nemi faifai mai inganci, ku yi kwafi ku raba wa 'yan'uwa, ku nisanta shi da zafi da gam, ku riƙa kunnawa kuna dubawa, kuma kada ku zubar da na asali. Ajiyar da ba a leƙa ta, kabari ce. Ku tura wa duk wanda ke da muryar wani mamaci a durowa, ya je ya duba yau, ba gobe ba.