Muturun Baba Zakka da Jirgin Mishan

Ku matso kusa, kuma mai tari ya yi abinsa tun yanzu, don ba na maimaita magana. Shari'a ce zan ba ku, ku za ku yanke.

A kan Dutsen Zambur, can inda gajimare ke kwana a ƙofar ɗaki, Turawan mishan sun hau da ƙafa, suka gina majami'a da ɗakin shan magani. Da hawa da sauka suka ishe su, sai suka nemi fili don ƙaramin jirginsu. Wani dattijo mai jiki, Baba Zakka, ya ba da gonarsa, gari ya fito da fartanya aka baje ta. Filin gajere ne, ƙarshensa kuma rami ne wanda in ka jefa dutse ba ka jin saukarsa.

Wata kaka, koguna ba su janye ba, Sistar ɗakin magani kuma ta sauka hutu, sai ƙaba ta murɗe Baba Zakka. Ya yi ta birgima, cikinsa ya yi tauri kamar ganga. Kowa ya san in ba a yi masa aiki a asibitin mishan da ke can ƙasa ran nan ba, sai kabari. A gaban jama'a ya yi ihu: "Wanda ya cece ni, na ba shi muturuna!" Muturu ɗan guntun sa ne irin na mutanen dutse, shi ke nan masa guda ɗaya, kuma ya fi son sa da 'ya'yansa uku.

Babban ɗansa Kefas ya ruga ɗakin oba-oba. Rediyon nan ba ya magana sai ana taka wani keke marar ƙafa da aka kafe a ƙasa, in ka tsaya ya mutu. Kefas kuwa rago ne, tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa ganin zufarsa. Ya hau ya taka. Malam Filibus mai bishara ya ɗauki abin magana, matar matuƙin jirgi ta amsa daga can. Malam mutum ne mai ladabi, ba ya shiga magana da matar aure babu gaisuwa.

"Ina kwana, uwargida? Oba."

"Lafiya lau, Malam. Oba."

"Ina gajiya? Yaya maigida? Yaran fa, da mai sunan Sista? Oba."

Kefas ya ga duhu-duhu, harshensa a waje. Da ya ji Malam ya shiga tambayar ruwan bana, sai ya daka masa tsawa: "Malam, ka ce ƙaba! Ka ce ƙaba, ko in sauka ka hau ka gaishe ta da ƙafarka!" Malam ya faɗi saƙon a fusace. Matar tana cewa jirgi na tafe, sarƙar keken ta tsinke, Kefas ya kife ƙasa. Da ya huta ko sau ɗaya, da saƙo bai fita ba.

Ta biyu a 'ya'yan ita ce Liyatu, mace mai baki. Ku tuna duk dutsen nan babu wuri shimfiɗaɗɗe sai filin jirgi, don haka da kaka nan mata ke shanya. Acca, masara, barkono, ko'ina tabarmi, awaki na zagaye. Liyatu ta roƙe su su kwashe. Wata tsohuwa ta ce, "Shi jirgin ba ya da ido ne? Ya sauka a gefe mana." Ga kukan jirgi ya fara tasowa, ga shi matuƙin ya sha gaya musu ba zai sauka ba sai ya ga hayaƙi, don ya gane inda iska ke bi. Liyatu ta hura wuta a bakin fili, ta ɗauko barkonon gidansu na shekara guda, ta juye a ciki. Ban taɓa jin an kwashe shanya da sauri irin na ran nan ba. Mata na tari, awaki na atishawa, tsohuwar nan ma ta riga kowa barin fili da tabarmarta a ka. Matuƙin ya ga fili fes, ya ga hayaƙi, ya sauka. Ya fito yana hawaye, mutane suka ce kai, Baturen nan akwai tausayi.

Na uku shi ne auta, Barnaba, magidanci mai shiru-shiru. Shi da maƙwabta suka ɗauko Baba a kan ƙyauren ɗaki. Matuƙin yana da doka: duk abin da zai shiga jirgi sai ya rataya shi a sikeli a jikin bishiya, don in nauyi ya yi yawa jirgi ba zai ɗaga ba kafin ramin can. Aka auna Baba da ƙunshin kayansa, matuƙin ya kama kai. Aka kwance ƙunshi, sai ga dutsen niƙa.

Al'adarsu ce, duk mai sauka daga dutsen yakan tafi da 'yar tsakuwa daga gidan ubansa don ya jawo shi gida. Baba dattijon majami'a ne, amma bai yar da wannan ba. Ya yi lissafinsa: mai tafiya a ƙasa tsakuwa ta ishe shi, wanda za a ɗaga sama kuwa sai babban dutse.

"Baba, ko kai ko dutsen," in ji matuƙin, yana duban gajimaren da ke shirin rufe hanya.

"To ka tafi da jirginka, yaro. Fili na ba ku, ban ba ku kaina ba." Ya rungume bishiyar sikeli.

Barnaba ya ja matuƙin bayan jirgi. Da ya dawo ya ce, "Baba, na roƙe shi, ya yarda." Ya cusa ƙunshin a ƙarƙashin ƙafafunsa. Baba ya taɓa da diddige, ya ji abu mai tauri, ya saki bishiya. Duma ne Barnaba ya naɗe a bargo. Jirgi ya ɗaga daidai bakin rami, da ƙyar.

Aka yi aiki, Baba ya tashi. Ran da ya kwance ƙunshi ya ga duma, zagin da ya yi sai da likita ya sake duba ɗinkin.

Da ya dawo gida, jama'a suka tuna masa alkawari. Ya zauna ya ɓata rai. Ya ce Kefas ya tsinke keken mishan, ya kuma ci mutuncin mai bishara, har yau Malam ba ya amsa gaisuwar gidansu. Liyatu ta ƙone barkono, ga shi ana ba shi miya salam kamar wankin kwano. Barnaba kuwa ya yi wa ubansa ƙarya, ya tura shi sama da duma.

Kefas ya ce, "Ban da ni, wa zai kira jirgin?"

Liyatu ta ce, "Ka kira shi ya sauka a kan acca?"

Barnaba ya ce, "Ya sauka ɗin, sai ya tashi da dutsen niƙa?"

Baba ya ce tunda sun kasa daidaitawa, zai ci gaba da riƙe musu muturun amana. Dattawa suka ce ina, a gabansu ya yi ihun, sai ya cika.

To, ga ku ga shari'a. Kada wanda ya ce mini a yanka a raba, Baba ya rantse muturun nan ba zai ga wuƙa ba yana raye. Tsakanin wanda ya taka keke, da wadda ta turara barkono, da wanda ya naɗe duma, wa za a miƙa wa igiyar?