Zalɓe Alƙalin Tafki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta. To, mai gyangyaɗi ya wartsake, ni ba na maimaitawa.

Wani tafki ne a tsakiyar daji, tsuntsaye sun cika shi, kullum cikin rigima. Wannan ya ce an cinye masa kifi, wancan ya ce an zauna masa a reshe, babu mai raba su. Ran nan sai ga wani tsohon Raƙumi ya ratso shan ruwa. Hayaniya ta hana shi sakat. Sai ya tambaye su ina alƙalinsu. Suka tambaye shi mene ne alƙali, don ba su taɓa jin kalmar ba.

Raƙumi ya ce can ƙasar Larabawa al-ƙadi ake cewa, matafiya suka taho da kalmar, bakin Bahaushe ya tauna ta ta koma alƙali. Shi ne wanda in biyu sun yi faɗa zai saurari kowa, ya faɗi mai gaskiya. Aku, uwar iyayi, ta ce ai ita tuni ta iya faɗi. Ta buɗe baki, sai ta birkita harufan ta ce "ƙalila". Aka kwashe da dariya. Raƙumi ya ce ba ta yi nisa ba, masoyan alƙali ƙalilan ne. Ya gargaɗe su cewa alƙali ba ya cin abincin kowa, ba ya zuwa hira gidan kowa, don kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ya sha ruwansa ya wuce.

Sai tsuntsaye suka zaɓi Zalɓe, wai wuyansa dogo ne, kafin magana ta taso daga ciki ta iso baki ta huce. Zalɓe kuwa a lokacin uban 'yan hira ne, ba a suna ba a biki sai da shi. Ya karɓa da murna, wawan, yana tsammani rawani kawai za a naɗa masa.

Shari'ar farko, maƙwabciyarsa Shamuwa ce ta zare kirare daga sheƙar Balbela. Zalɓe ya saurara, ya ba Balbela gaskiya. Sai Shamuwa ta daina leƙo shi. Balbelar ma da ta yi nasara sai ta riƙa kauce masa, kada a ce sayen shari'ar ta yi. In sun haɗu a hanya, "Allah gafarta Malam" kawai, kowa ya kama gabansa.

Shari'a ta biyu, ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya ya ƙwace wa Agwagwa wurin kamun kifi. Zalɓe ya saurara, ya ba Agwagwa gaskiya. Sai ƙanen ya kwashe iyalinsa ya koma wani rafi, ko sallama babu. Tafki ya zauna lafiya, kowa na yabon alƙali daga nesa. In ya doso dandali sai hira ta mutu, a miƙe tsaye, a jira ya wuce. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, har ya koma tsayuwa a gefen ruwa shi kaɗai tun safe har yamma.

Mutum ɗaya ta rage masa, taubashiyarsa Dinya. Tare aka ƙyanƙyashe su, kuma da suna ƙanana ta fi shi tsawo, saboda haka Gajere take ce masa har ya girma. Kullum da la'asar sai ta zo ta zauna ɗan nesa, ta ci abincinta ita kaɗai, ta yi ta tsokanarsa. Ta ce Raƙumi ya hana a ba alƙali abinci, amma bai hana a zage shi ba. Ta kushe ƙafafunsa, ta kwaikwayi tafiyarsa, shi ko ya yi ta dariya har da hawaye. A duk tafkin nan bakinta kaɗai ke tuna masa cewa shi ma ɗan wani ne, kuma ba abin da yake tsoro a duniya kamar ranar da za ta daina zuwa.

Ana nan, sai wata rana shaho ya kawo sura. Dinya ta firgita ta faɗa cikin ciyawa, ta taka ƙwan Fakara ta fasa duka. Dokar tafki kuwa, wadda Zalɓe da bakinsa ya kafa, ita ce duk wanda ya fasa ƙwan wani zai bar tafkin, da gangan ko da kuskure. Babu wanda ya gani sai Zalɓe daga inda yake tsaye, sai kuma Hankaka a kan reshe.

Hankaka, ɗan duniya, ya sauko ya raɗa wa Zalɓe cewa abin mai sauƙi ne. Zai rantse ya ga Tsari ya shanye ƙwan, Tsari kuwa ba ya zuwa shari'a. Shi Hankaka ba ya neman lada, abota kawai. Zalɓe ya kore shi. Ya dawo, ya sake korarsa. A zuwa na uku ya ce, "Malam, in Dinya ta tafi wa zai ƙara ce maka Gajere?" Wannan karon Zalɓe bai kore shi ba.

Aka taru. Fakara na kuka, ta ce ita dai a faɗa mata wanda ya kashe mata 'ya'ya. Hankaka ya gyara murya yana jiran a kira shi. Dinya na gefe kanta a sunkuye, ba ta roƙa ba, ba ta musa ba. Maganar ta taso daga cikin Zalɓe, ta daɗe a wuyan nan fiye da kowace magana da ya taɓa yi. Ya dubi Fakara, ya ga ita ma ba ta da kowa sai gaskiyar da take jira daga bakinsa. Sai ya ce ba a bukatar shaida, da idonsa ya gani, Dinya ce, kuma doka ta hau kanta.

Dinya ta matso ta durƙusa. Ta ce, "Allah gafarta Malam, na ji, na bi."

Ya rage murya ya ce, "'Yar'uwa, ko sau ɗaya ki zage ni kafin ki tafi."

Ta ɗago ta dube shi, babu fushi a idonta ko kaɗan. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce, "Zagin ya ƙi fitowa, Alƙali." Sai ta buɗe fiffike ta tashi.

Tsuntsaye suka watse suna cewa ba a taɓa yin adali irinsa ba. Fakara ta yi godiya daga nesa. Da la'asar ta yi, Zalɓe ya koma gefen ruwa ya tsaya, ya naɗe ƙafa ɗaya, babu wanda ya zo. Shi ya sa har yau in kun je bakin tafki za ku tarar da shi shi kaɗai. In garken dinya ya gitta a sama sai ya miƙa wuya yana saurare, su wuce.

To, kun ji. Gaskiya ɗaci gare ta, kuma wanda aka ɗora wa faɗinta shi ya fi kowa shan ɗacin. In kuna da mai faɗa muku ita, kada ku tsaya ga yabo daga nesa, ku riƙa leƙa shi.

Ƙurunƙus kan ɗan tarwaɗa.